Na gama digiri a lissafi: me ya rage kafin in zama malamin babbar sakandare?

Wani matashi ne ya aiko da tambayar. Ya ce ya gama digirin B.Sc. a lissafi, ya kammala bautar ƙasa, kuma wata makarantar kuɗi ta kira shi ya ɗauki SS1 zuwa SS3. Yana son sanin takardun da doka ke nema, da kuma ainihin abin da aikin ya ƙunsa. Ya ƙara da cewa a ganinsa wanda ya ci lissafin jami'a, na sakandare ba zai gagare shi ba.

Ƙanena, Allah ya sa wa karatun albarka. Shekarata 23 ina riƙe da alli a babbar sakandare, na shugabanci sashen lissafi, na kuma zauna a kwamitin ɗaukar sababbin malamai ba sau ɗaya ba. Zan fara da maganar takardu domin ita ce gajera, ko da yake ita za ta fi ɓata maka rai.

Digirin da ke hannunka ya shaida ka san lissafi, amma a idon dokar Najeriya bai mai da kai malami ba. Hukumar da ke da hurumin cewa wane malami ne ita ce TRCN, wadda aka kafa da doka mai lamba 31 ta shekarar 1993, kuma ba ta yi wa kowa rajista sai yana da shaidar ya karanci aikin koyarwa. Mafi ƙarancin wannan shaida ita ce NCE, karatun shekara 3 a kwalejin ilimi, sai dai ita NCE an tsara ta ne don firamare da ƙaramar sakandare. Babbar sakandare digiri take so: ko dai B.Ed. ko B.Sc.(Ed.) a lissafi, ko kuma irin naka, a ɗora masa diflomar koyarwa ta bayan digiri, wato PGDE. Kusan shekara guda ake yin ta, wani wurin ta ɗan haura. Jami'o'i irin su Bayero da Ahmadu Bello suna yi, haka Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, mai hedikwata a Kaduna, wadda tsarinta ya dace da mai aiki domin ba kullum ake shiga aji ba.

In ka samu PGDE sai ka zauna jarrabawar ƙwarewa ta TRCN. A kwamfuta ake yin ta, kuma kada ka je da shirin warware lissafin jami'a: yawancin tambayoyin a kan sana'ar koyarwa suke, irin su halayyar yara wajen koyo, dabarun koyarwa, auna fahimta da ɗa'ar aiki. Wanda ya ci sai a ba shi takardar rajista da lasisi, lasisin kuma ana sabunta shi. Rukuni huɗu suke sa malamai: A masu digirin digirgir, B masu digiri na biyu, C masu digirin farko, D masu NCE. Kai a C za ka faɗa.

Na san abin da za ka ce, makarantar da ta kira ka ba ta tambayi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Haka ne, da yawansu ba sa tambaya. Gwamnati ta taɓa sa ƙarshen Disamba 2019 a matsayin wa'adin fitar da duk wanda ba shi da rajista daga aji, wa'adin ya zo ya wuce, ajujuwa kuma ba su rabu da marasa rajista ba. Amma ranar da jiha ta buɗe ɗaukar malamai, ko ka nemi makarantun gwamnatin tarayya, a nan za a tambaye ka, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. A aikin gwamnati mai digiri yakan fara ne daga mataki na 8, mai NCE daga na 7, kuma tun dokar 2022 malami kan kai shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki kafin ritaya. Ka karɓi aikin makarantar kuɗin, ka sayi fom ɗin PGDE a wannan shekarar, ka haɗa biyun. Ajinka ma sai ya zame maka wurin gwada abin da ake koya maka.

To, mu dawo kan jimlarka ta ƙarshe, wadda ita ce ta sa na zauna rubuta wannan doguwar amsa.

In muna gwada mai neman aiki, akwai tambayar da nake yawan yi masa: me ya sa in aka raba 6 da rabi ake samun 12? Ai rabawa rage abu take yi, yaya aka yi amsa ta fi abin da aka raba yawa? Masu digiri mai daraja sun sha tsayawa a gabana suna cewa, “Ai juya rabin ake yi ya zama 2, sai a ninka.” Sai in ce na ji, ni yaro ne ɗan SS1, me ya sa ake juyawa? Sai shiru. Wata malama mai NCE da ta ƙaro digiri daga baya ita ta ba ni amsar da har yau nake amfani da ita. Ta ce mudu 6 na gero ne a gabanka, kana ba kowane mutum rabin mudu, mutum nawa za su samu? Ko yaron da bai taɓa shiga aji ba zai ce 12. Wannan matar ba ta kai waɗancan zurfi a lissafi ba, amma ita muka ɗauka.

Ba ina nufin zurfin ba shi da amfani ba. Na ga ɗaya gefen ma: malamin da ya iya tsara darasi tsaf, amma da zarar yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa ya kauce daga misalin littafi sai gumi ya karyo masa, ya ce a bari sai gobe, goben da ba ta zuwa. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma kai kana da ruwan cikin. Sai dai akwai wurare a manhajar sakandare da jami'a ba ta sake bi da kai ta kansu ba. Yaushe rabonka da ka zana kusurwa mai digiri 75 da kamfas da rula kaɗai? Ka'idojin kusurwoyin cikin da'ira fa, za ka iya kawo hujjar kowacce ba tare da ka leƙa littafi ba? Ga lissafin nisa tsakanin garuruwa biyu a kan layukan taswirar duniya, ga auna shiyyar tafiya daga arewa, ga teburin logaridim mai lamba huɗu wanda kalkuleta ta sa kuka manta. Kafin ka shiga aji, ka nemi manhajar da hukumar NERDC ta tsara, ka samo tambayoyin WAEC da NECO na shekara 10 da suka wuce, ka sa agogo a gabanka ka amsa su kamar ɗalibi. Za ka sha mamakin inda za ka yi tuntuɓe. Ka kuma sani, tunda B.Sc. gare ka, darasin ƙarin lissafi da 'yan kimiyya ke ɗauka kai za a jibga wa, ko an faɗa maka ko ba a faɗa ba.

Babban aikin malamin lissafi, wanda ba a rubuta shi a takardar ɗaukar aiki, shi ne gano inda yaro ya ɓata. Lissafi ba kamar sauran darussa ba ne. Yaron da ya rasa darasin tarihi na makon jiya zai iya gane na yau. Wanda bai gane haɗa ɓangarorin lamba a firamare 5 ba, wannan ramin yana nan yana jiransa a aljabara, yana jiransa a tirigonometiri, yana jiransa a lissafin yiwuwa. Yara za su zo maka SS1 da sunan sun gama JSS3, amma wani a firamare 4 aka bar shi, jikinsa ne kawai ya ci gaba da canza aji. In ka tsaya a allo kana zuba darasin SS1 yadda yake a littafi, da mutum shida na layin gaba kake magana.

Kuma kuskuren yara ba hauka ba ne, kusan kullum akwai wata ƙa'ida a bayansa da yaron ya ƙirƙira wa kansa. Ka ba su ½ + ⅓, da yawa za su rubuta ⅖. Sun tara na sama, sun tara na ƙasa, abin da ya yi musu daidai da hankali. In ka ja jan biro ka rubuta ⅚ ka wuce, gobe ma haka za su yi. Ni tambayarsu nake: kana da rabin burodi aka ƙara maka wani yanki, zai yiwu abin hannunka ya koma bai kai rabi ba? Domin biyu cikin biyar bai kai rabi ba. Sai ka ga yaro ya yi tsam. Daga wannan tsam ɗin ne koyo ke farawa, domin shi da kansa ya ga ƙa'idarsa ta ba shi kunya.

Ga wani da za ka haɗu da shi kowace shekara har ka yi ritaya: (a + b)² = a² + b². Kada ka yi faɗa. Ka ce su sa 3 da 4. Hagu ya ba da 49, dama ya ba da 25. Ina 24 ta tafi? Sai ka zana fili mai kusurwa huɗu a allo, kowane gefe taku 7, ka yanka shi a taku 3 ta tsaye da ta kwance. Ga ƙaramin fili mai 9, ga babba mai 16, ga kuma wasu guda biyu a gefe, kowanne 3 sau 4. Ga 24 ɗin da ta ɓata, ga kuma 2ab da suke mantawa, kwance a gabansu. Gani ya kori ji. Minti biyar ne, amma ya fi ka sa su maimaita ƙa'idar sau hamsin da baki.

Wani kuskuren kuwa mu malamai ne muke shuka shi. Mun saba cewa, “In lamba ta tsallaka ɗaya gefen sai alamarta ta canza.” Yaro ya riƙe. Ka ba shi 2x = 10, sai ya tsallakar da 2 ta koma −2, ya kawo maka x = −5, wani ma ya kawo 8. Laifin wa? Abin da aka faɗa masa ya bi. Babu lambar da ke tsallaka ko'ina. Sikeli ne mai kwano biyu, abin da ka yi wa wannan kwano dole ka yi wa wancan. Ya fi cin lokaci a makon farko, amma ba ka sake komawa kansa. Haka lambobin ƙasa da sifili. Bashi yana fassara −3 − 5 da kyau: ana bin ka 3, ka ƙara ciyo 5. Amma in aka zo ninka ragi da ragi, misalin bashi yakan fara ɗingishi, sai in koma jeri: 3 sau −2 ya ba da −6, 2 sau −2 ya ba da −4, 1 sau −2 ya ba da −2, sifili ya ba da sifili. Kowane taki amsa na ƙaruwa da 2. To −1 sau −2 fa? Su za su faɗa maka 2 da bakinsu. Sanin wane misali ne ke aiki a ina, da inda yake karyewa, shi ne ilimin da ya raba malamin lissafi da masanin lissafi, kuma rabinsa a cikin littattafan yara za ka tsince shi, ba a lacca ba.

Sai maganar harshe, wadda a Arewa ba ƙaramar magana ba ce. Jarrabawa da Turanci ake yin ta, kuma yara da yawa ba lissafin ne ke kayar da su ba, jimlar ce. Yaron da ke tsare shagon babansa da yamma, yana ba da canji ba ya kuskure, shi ne zai zauna yana kallon tambayar riba da faɗuwa kamar an rubuta ta da Sinanci. Kalmar Turanci mai nufin “aƙalla” da mai nufin “bai wuce ba” sun kayar da yara a lissafin yiwuwa fiye da yadda lissafin kansa ya kayar da su. In aka ce a ɗebe 3 daga 7, wani 3 − 7 zai rubuta domin 3 ya fara ji. Ra'ayina, kuma na san akwai shugabannin makarantun da ba sa so: ka buɗe ma'anar da Hausa in ta cije, sannan ka mai da su kan Turancin, su faɗa, su rubuta, domin ranar jarrabawa ba ka nan. Malamin da ya tsaya a Hausa kaɗai ya cuce su, wanda ya ƙi taɓa ta sam shi ma ya bar rabin aji a baya.

Misalai kuwa ba sai ka je nesa ba. Yaran da ke zuwa Islamiyya sun san rabon gado. Mutum ya rasu ya bar mata da uwa da 'ya'ya maza: mata tumuni, wato ɗaya cikin 8, uwa sudusi, wato ɗaya cikin 6. Malamin fara'ili zai ce asalin mas'alar 24, mata 3, uwa 4, saura 17 na 'ya'ya. Wannan 24 ɗin ita ce ƙaramar lambar da 8 da 6 suke shiga ba saura, abin da muke wahalar koyarwa da sunan Turanci. Zakkar kuɗi ɗaya cikin 40 ce, wato kashi 2.5 cikin 100. Lissafin zagaye kuma, wanda ke cikin manhajar SS1, kowace uwa tana yin sa in tana ƙirga ranar suna ko ranar arba'in: yau Talata, kwana 100 nan gaba wace rana ce? Mako 14 da ragowar kwana 2, Alhamis. Nakan kuma gaya musu kalmar aljabara daga Larabci ta fito, daga aikin Al-Khawarizmi a Bagadaza, kuma Katsina ta fitar da Muhammad ibn Muhammad al-Kashinawi, wanda ya yi rubutu a kan jera lambobi cikin hatimi ta yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya, ya rasu a Alƙahira a 1741. Ba don ya fito a jarrabawa nake faɗa ba. Akwai yaron da ya shigo da tunanin lissafi kayan Bature ne, wannan labarin yakan sassauta masa.

Aikin takarda ba zan daɗe a kansa ba, a mako biyu za ka iya. Za ka raba manhaja zuwa makonnin zango, ka rubuta shirin kowane darasi shugaban sashe ya sa hannu, ka cike littafin abin da aka koyar a ƙarshen mako, ka ajiye makin gwaje-gwajen cikin zango, ka fitar da tambayoyin jarrabawa tare da tsarin ba da maki. In an ba ka aji ka riƙe, ga rajistar halarta da katin sakamako. Masu duba makarantu waɗannan suke fara tambaya. Abu ɗaya kawai zan ja kunnenka a kai: a takarda zango mako 12 ne ko 13, amma in ka cire makon dawowa, da gwaji, da bita, da jarrabawa, da wuya ka samu 10 cikakku. SS3 kuwa zango biyu gare su, na ukun WAEC ta cinye shi, NECO ta biyo baya. Duk abin da ka bari a SS2 da niyyar “za mu dawo kansa”, ba za ku dawo ba.

Duba littattafai shi ne inda sababbin malamai ke karyewa. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga ɗalibi 40 a sakandare. Na koyar a ajin da ya haura 90. Mu ɗauka kana da aji 5, kowanne yara 70: littafi 350 ke nan. In kowanne ya ci minti 2, ka doshi awa 12 a kan aikin gida guda ɗaya. Ba mai iya wannan kowane mako, kuma wanda ya ce yana yi, sa hannu kawai yake. Abin da nake yi, tambayoyi kaɗan nake bayarwa, uku ko huɗu, waɗanda na zaɓa don su tono wani kuskure da nake zargi. Wasu ranakun su musanya littafi su duba wa juna muna warwarewa a allo, ni kuma in ɗebi littafi 15 daga layuka daban-daban in karanta a tsanake. Ba amsar nake nema ba, layin da aka kauce nake nema. Abin da na gani shi ne buɗin darasin gobe.

Game da jarrabawar ƙarshe, wajibi ne ka san ta kamar tafin hannunka. Lissafin WAEC takarda biyu ne. Ta farko tambayoyin zaɓi 50 cikin awa ɗaya da rabi. Ta biyu tambaya 13 cikin awa biyu da rabi: biyar na sashen farko dole ne, sannan a zaɓi biyar daga takwas na sashe na biyu. A takarda ta biyu ana ba da maki a kan hanya, ana ba da maki a kan amsa. Yaron da ya bi hanya daidai ya yi tuntuɓe a ƙarshe zai kwashi mafi yawan makin, wanda kuwa ya dira kan amsa ba tare da nuna aiki ba yakan tashi da kaɗan ko ba komai. Yara suna zubar da maki a kan abubuwan da ba su kai sun kawo ba: mantawa da rubuta santimita ko naira, taƙaita lamba tun a tsakiyar aiki, ƙin zana hoto a tambayar shiyya, zaɓen ma'aunin giraf da ba shi aka ce ba. WAEC tana fitar da rahoton manyan masu duba jarrabawa a kan inda ɗalibai suka yi rauni, ka neme shi ka karanta. In ka cika sharuɗɗa kuma, ka nemi shiga aikin makin WAEC ko NECO. Kuɗin ba wani abin a zo a gani ba ne, amma kwanakin da ake zama ana daidaita tsarin maki sun koya mini abin da ban samu a wani kwas ba.

Akwai abin da zai zo maka, gara ka ji shi daga bakina. Kiredit a lissafi, wato C6 zuwa sama, shi ne ƙofar likitanci da injiniyanci da duk fannonin kimiyya, saboda haka ranar jarrabawar lissafi idon kowa a kanka yake. A wata makaranta da na taɓa koyarwa, ana saura kwana biyu aka kira ni ofis aka ce in kasance kusa ranar, “ko yara za su buƙaci taimako”. Na gane karatun. Na ce ina da uzuri a ranar, na kuma yi zamana a gida. Ban ƙara zango biyu a wurin ba. Ba zan ce maka abin ya zo da sauƙi ba, ina da iyali a lokacin. Amma na ga yaran da aka rubuta wa amsa a allo suka fita da A1, suka je JAMB lissafi ya tona musu asiri, wasu suka lallaɓa har jami'a aka koro su daga aji ɗaya. Ban da haka, doka tana hukunta malamin da aka kama, hukumar jarrabawa tana iya soke cibiyar, TRCN kuma tana iya karɓe lasisi. Ka tambayi yadda makarantar take yi ranar jarrabawa tun kafin ka sa hannu, ka tambayi tsofaffin malamanta, ba mai makarantar ba.

Bulala kuma ka ajiye ta, aƙalla a kan kuskuren lissafi. Yaron da aka daka don ya faɗi amsa ba daidai ba, darasin da ya koya shi ne kada ya ƙara ɗaga hannu, kai kuma ka rufe tagar da kake leƙa kansa ta ciki. Ka lura da 'yan mata musamman a ajin da aka haɗa. Sau da yawa amsar tana rubuce a littafinta, amma ba za ta faɗa ba sai ka kira sunanta, kuma in aka yi mata dariya sau ɗaya ka rasa ta har ƙarshen zango. Ka kuma kiyaye mutuncinka da su: ƙarin darasi a aji, ƙofa a buɗe, ba mutum ɗaya ba.

Kada ka zauna kai kaɗai. Akwai ƙungiyar malaman lissafi ta ƙasa, MAN, da ta malaman kimiyya, STAN, suna taruka da bita, ga Cibiyar Lissafi ta Ƙasa a Abuja mai shirya gasar Olimfiyad. Ko yara biyu ka samu masu wuta, ka shigar da su gasa. Irin waɗannan yaran su ma hakki ne a kanka, domin in ka biye wa na baya kaɗai, gundura za ta kashe su a zaune. Nakan ajiye tambaya ɗaya mai tauri a gefen allo don wanda ya riga kowa gamawa.

Kafin ka amsa wa makarantar, ka tambayi darasi nawa za ka yi a mako, yara nawa ne a aji, ko ƙarin lissafi da fizis suna cikin abin da suke nufi da “malamin lissafi”, da kuma ko ana biyan albashi lokacin hutu, domin wasu ba sa biya. A rubuta a takarda. Ranar farko kuma kada ka fara da babin farko. Ka ba kowane aji, har SS3, tambaya 10 daga lissafin firamare da JSS: ninkawa, rabawa mai tsawo, ɓangarorin lamba, kashi cikin ɗari, lambobin ƙasa da sifili, da tambaya biyu da aka rubuta da jimla. Ka ce musu ba maki a ciki, ba kuma wanda zai ga takardar sai kai. Ka kai gida ka rarraba su tuli-tuli bisa irin kuskuren, ba bisa yawan makin ba. In ka gama, ka rubuto mini tulin da ya fi tsawo, sai mu ga ta inda za ka fara mako na biyu.